Lalitar Gwaggo Mai Shara

Shafi na 19

"Kai ne! Kai ka jawo aka kira ni ɓarauniya, kuma yau sai ka wanke ni a gaban kowa!"

Gwaggo Mai Shara ce ta banko ƙofar ɗakin taro, sandar mofa a hannun dama, tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi a hagu. Injiniya ta nuna da bakin sandar, ruwa na ɗiga a kan tayil ɗin da ita da kanta ta goge da safe.

Injiniya ya miƙe zumbur, har kujerarsa ta bugi bango.

"Gwaggo, don Allah taro muke yi."

"Ni ma taron na zo. Zauna!"

Ya zauna.

Manaja ya gyara gilashinsa ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, ba na ce ki jira a ƙasa ba?"

"Ka ce, ranka ya daɗe. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Tun gashin kanka yana baƙi nake share ofishin nan, ko biro ban taɓa ɗauka ba. Yau da safe ka miƙo hannu ka ce in ba ka makullai, a gaban maigadi, a gaban mai kawo ruwa. Ni kuma a ce in jira?"

Ta nuna tebur da bakin sandar. Makullan suna nan a gaban Manaja, da jan ƙyallen da ta ɗaura musu don kada su ɓace mata a jaka.

Abin da ya kawo wannan rana kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mijin Gwaggo, tsohon direba, yanar ido ta rufe masa ido biyu, likita ya ce sai an yi aiki. Yaran ofis suna da wani guruf a waya na masu harkar kuɗin intanet da ake kira kirifto, mutane rututu, wasu ma a ƙasashen da Gwaggo ba ta iya faɗin sunansu. Injiniya ya saka hotonta a ciki ya nemi taimako, mutane suka yi ta turowa. Shi ya saka mata walet a wayarta, abin da ita take kira lalita, ya ce nan kuɗin za su sauka. Kullum ta duba sai ta ga sifili da wani ɗan zobe yana ta juyawa. Da ta gaji ta aika saƙon murya guruf ɗin tana tambaya ko an fasa ne. Shi ke nan wani mai kiran kansa Mai Bin Diddigi ya fito ya ce kuɗi sun shiga tuntuni, tsohuwar nan 'yar damfara ce, so take a tara mata karo na biyu. Maganar ta kai kunnen Manaja, ya karɓe makullan ofis daga hannunta.

Akawu ya tashi ya jawo mata kujera, murya a sanyaye.

"Gwaggo ki zauna ki sha ruwa. Maganar waya ce, iska ce, gobe an manta."

"Kai ka manta, Malam Akawu. Maigadi ya karanta min tas. Hotona suka zagaye da jan layi. Wata har cewa ta yi daga ganin idona an san zan aikata. Idona! Ni da idon mijina nake nema."

Ta dangwarar da wayar a tsakiyar tebur.

"Ga ta nan. Duk mai ilimi a cikinku ya nuna min inda na ɓoye su."

Injiniya ya ɗauka, ya latsa, ya ƙura mata ido. Goshinsa ya fara tsattsafo gumi duk da sanyin na'ura.

"Ba ta gama ba," ya faɗa can ƙasa.

"Ba ta gama me ba?"

"Sauke tarihi."

"Tarihin wa? Nawa?"

Sakatariya, wadda tun shigowar Gwaggo take cizon murfin biro, ta ajiye shi ta juyo.

"Injiniya, ka yi mata bayani da bakin mutane, ko ni in yi."

"Ki bari mana. Gwaggo, kin ga wannan walet ɗin babba ce. Ba ta yarda da maganar kowa. Kafin ta nuna miki abin da kike da shi, sai ta sauke duk wata hada-hada da aka taɓa yi da wannan kuɗin tun ranar da aka ƙirƙiro shi, ta bi ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar da kanta."

Gwaggo ta karkata kai.

"Duk wadda aka taɓa yi? Ta kowa da kowa?"

"Ta kowa."

"Wato kafin in san abin da ke aljihuna sai na laluba aljihun mutanen duniya kaf?"

Dariya ta kuɓuce wa Sakatariya, ta toshe baki. Manaja ma sai da ya kau da kai.

"Ba haka ba ne daidai," in ji Injiniya.

"Haka ne daidai," in ji Sakatariya. "Kuma na faɗa muku a guruf. Na ce a saka mata ƙaramar walet, marar nauyi, wadda take tambayar manyan kwamfutoci su ba ta amsa nan take. Kuka taso min kamar na zagi iyayenku. Wannan ya ce ƙarama dogaro da wasu ce, wancan ya ce duk wanda bai riƙe tarihin da kansa ba bai san kirifto ba. Wani ya rubuto min dogon bayani har sai da wayata ta ce in danna in ga saura."

"Ai ƙuri'a aka kaɗa," in ji Injiniya.

Gwaggo ta dafa tebur da hannu biyu.

"Ƙuri'a? A kan wa?"

"A kan irin walet ɗin da za a saka miki."

"Ni na kaɗa?"

Ta nuna wayar da ke hannun Injiniya da yatsa.

"Wayar tawa fa, an tambaye ta? Wayar da in jikata ta turo hoto sai na goge wani kafin ya shiga?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ni dai in faɗa muku gaskiya, yaron nan ba mugu ba ne. Shi ya fara turo nasa taimakon, shi ya kai tsohon direba asibiti a motarsa. Ciwonsa guda ne: duk abin da ya yi aiki a kan kwamfutarsa mai fuska biyu, gani yake zai yi aiki a hannun kowa.

Can ya ɗago kamar wanda ya tuno hujja.

"Amma Gwaggo, ai na ce miki ki riƙa barin wayar tana kwana a ofis. Wayifai ɗinmu yana da ƙarfi, da tuni ta yi nisa."

"Na bari! Wallahi na bari. A ɗakin tsintsiya, a kan kwalin sabulu, a jikin caji. In tafi gida hannu rabbana, in Malam mijina ya faɗi a banɗaki babu abin da zan kira kowa da shi. Duk don ka ce."

"To ai abin da ban gane ba ke nan. Ko motsi ba ta yi ba."

Sakatariya ta matso da kujerarta.

"Gwaggo, in kin jona wayar, sai ki yi me?"

"Sai in kwashe shara, in wanke kofuna, in kashe komai, in kulle."

"Ki kashe komai?"

"Komai."

"Har da me da me?"

"Ke 'yar nan, komai ai komai ne. Fitilu, na'urar sanyi, injin hoto, tukunyar shayi, da wannan baƙin akwatin mai ƙahoni da ke ƙifta ido a bayan teburinki."

Injiniya ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Gwaggo, wannan akwatin ai shi ne wayifai ɗin!"

"To ni na sani? An rubuta a goshinsa? Ko an rubuta ma na iya karantawa?"

"Har soket ɗin cajin kike kashewa?"

"Shi na bari. Ai ba mahaukaciya ba ce ni."

Wannan karon har Akawu sai da ya murmusa. Gwaggo kuwa ko gezau. Ta juya ta fuskanci Manaja.

"Kuma a tambayi wanda ya sa ni. Ranka ya daɗe, wa ya tsare ni a bakin matakala lokacin da kuɗin wuta ya zo da yawa? Wa ya ce ko ƙwan fitila guda na bari a kunne za a cire a albashina?"

Manaja ya cire gilashi ya hau goge shi da bakin riga.

"Ni ne."

"A ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ni ne na ce, baiwar Allah."

"Madalla. Wannan ya ce in bar waya ta sha daga akwati, wannan ya ce in kashe akwati. Na bi maganar kowa, ni ce kuma ɓarauniya."

Sakatariya ta karɓi wayar daga hannun Injiniya ta duba.

"Kada ma ku ɗora wa akwati. Ko shekara aka bar shi a kunne, wayar nan ba ta da wurin da za ta zuba wannan kayan. Ga shi nan tana ta kukan ta cika."

"Kullum da safe haka nake samunta," in ji Gwaggo. "Da zafi kamar dutsen guga. Sai na share abin da ke juyawan nan kafin kiran Malam ya iya shigowa."

Ta dubi Sakatariya. Muryarta ta sauka, karo na farko tun da ta shigo.

"'Yata, ki faɗa min gaskiya, kada ki ji tausayina. Kuɗin mutanen nan sun narke ne? Ni na kashe su da hannuna da na kashe akwatin?"

"A'a Gwaggo. Ko kaɗan. Kuɗin ba a cikin wayar suke zaune ba. Wayar taga ce kawai da za ki leƙa ki gan su. An saka miki tagar da ta fi ƙarfin bangonki, shi ke nan. Yanzu zan canza miki ƙarama."

"Yanzu yanzu?"

"Kafin shayin Manaja ya huce."

Injiniya ya buɗe baki. "Amma dai ku sani ita ƙaramar, wajen sirri ba ta kai..."

Gwaggo ta ɗaga mofa.

Ya rufe.

Sakatariya ta kunna wayifai, ta goge wasu tarkace don a sami wuri, ta sauke ƙaramar walet. Sai ta tsaya.

"Gwaggo, akwai wasu kalmomi na sirri a cikin tsohuwar. Su ne makullin. Duk wanda ya san su, kuɗin nasa ne. Dole in buɗe su in kwafa a sabuwar. A ƙa'ida ke kaɗai ya kamata ki gani."

"Nuna min."

Ta nuna mata. Gwaggo ta kawo wayar kusa da hanci, ta nisanta ta, ta sake kawowa.

"Wannan wane yare ne?"

"Turanci."

"To ka ji. Makullina, da yaren da ba na ji, da rubutun da ban iya ba, kuma wai kada in nuna wa kowa." Ta harari Injiniya. "Ku da kuka ƙera abin nan, ba ku da iyaye mata ne?"

"Ba ni na ƙera ba, Gwaggo."

"Amma kai ka kawo."

Ta miƙa wa Sakatariya wayar.

"Ke na yarda da ke. Ranar da na zame a matakala ke kika cire takalmi kika ɗauke ni. Ku kuma maza, kowa ya juya ya kalli bango."

"Har ni?" in ji Manaja.

"Kai ka fara, ranka ya daɗe."

Manyan mutane uku da rigunansu masu guga suka juya wa tebur baya kamar 'yan makarantar da aka kama da surutu. Ba a jin komai sai ƙarar latsawar Sakatariya da ɗigar ruwan mofa. Gwaggo ta tsaya a kanta, leɓɓanta na motsi, addu'a take yi. Ta tuna Malam da safen nan, yana laluben takalminsa a ƙarƙashin gado, yana cewa ta bar shi, shi da ya tuƙa babbar mota cikin duhu ba takalmi ne zai gagare shi ba. Daga ƙarshe nata ya saka a ƙafar hagu, ta ƙyale shi bai sani ba.

Wayar ta yi ƙara, ting.

Sakatariya ta dafe ƙirji.

"Gwaggo."

"Mene ne? Sifilin ne?"

"Ku juyo! Ku juyo ku gani!"

Ta jona wayar da babbar talabijin ɗin bango. Jerin layuka kore suka cika fuskar, daga sama har ƙasa, ta ja suka ci gaba da zuwa.

"Kowane layi a nan mutum daban ne ya turo miki. Babu wanda aka taɓa, ko ɗaya bai fita ba. Gwaggo, ya isa aikin ido biyun, har da magani."

Gwaggo ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna daɓas. Mofar ta faɗi ƙasa. Ta daɗe tana kallon talabijin ɗin.

"Duk waɗannan ba su san ni ba?"

"Ba su san ki ba."

"Wancan ɗan guntun na ƙasa fa?"

"Shi ne mafi ƙanƙanta. Na tuna mai shi, ɗalibi ne, ya rubuto a guruf cewa kuɗin motarsa ne, zai taka da ƙafa."

Gwaggo ta ja bakin ɗankwali ta share ido, sannan ta yi tsaki don kada a ce kuka take yi.

"Na'urar sanyin nan taku tana sa mutum hawaye. Kira min Malam."

Aka cire wayar daga talabijin aka kira. Sai da ta daɗe tana ƙara kafin ya lalubo ta.

"Tsohuwa, lafiya? Sun kore ki ne?"

"Wa ya isa? Malam, an ga kuɗin. Suna nan cif. Za a yi maka aikin."

Ta ƙara manna wayar a kunne. Sai ga muryarsa.

"Alhamdulillahi. To ki fara gyara fuska tun yanzu, kada in buɗe ido in ce likita ya mayar min da yanata."

"Ka ji shi ko! Tsoho da bakin tsiya. Bari in dawo gida."

Ta kashe tana dariya, hanci na zuba. Injiniya ya zagayo ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen tayil.

"Gwaggo ki yafe min. Wallahi gata na so in yi miki. Na ɗauka wadda ta fi tsaro ita ta fi dacewa da ke."

"Tashi, kana ɓata wandonka, uwarka ce za ta sha wanki." Ta dungure masa kai da yatsa. "Na yafe. Amma gobe in za ka yi wa mutum gata, ka fara duba abin da ke hannunsa."

Sakatariya ta riga ta ɗauki hoton layukan ta tura guruf da bayani. Ta jona tata wayar da talabijin don kowa ya gani. Kafin ka ce me, saƙonni sun fara zubowa.

"Karanta min," in ji Gwaggo. "Kada ki tsallake na zagi."

"Babu zagi. Wannan ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ta ce ita ma haka ta faru da mahaifiyarta, har suka yi faɗa da ƙaninta a kan kuɗin da suke nan ba su je ko'ina ba. Wannan ya ce shi har yanzu babbar walet ce gaskiya."

"A gaishe shi. A ce ya zo ya saka wa kakarsa."

"Wannan kuma ya ce daga yau duk wanda za a tara wa taimako a fara tambayar wace irin waya yake riƙewa. Mutane sai ɗaga masa yatsa suke yi. Ga wata ma, ta ce ita mai haɗa manhaja ce, tana so a yi walet mai magana da baki, ta faɗa wa mutum da harshensa cewa kuɗi sun shigo. Tana tambaya ko za ki yarda ki riƙa gwada musu."

"Ni?"

"Ke. Ta ce in ta yi aiki a hannunki, za ta yi a hannun kowa."

Gwaggo ta gyara zama.

"Yabo ne wannan ko zagi?"

"Yabo ne, Gwaggo."

"To ki ce na yarda. Amma a cire zoben nan mai juyawa, yana sa ni jiri."

Injiniya ya ce shi ma zai shiga aikin, kyauta. Manaja ya yi gyaran murya, ya turo makullan a hankali har gabanta.

"Baiwar Allah, an yi kuskure. Ga amanarki."

Gwaggo ta dube su, ba ta taɓa ba.

"A gaban mutane ka karɓa."

"Zan kira maigadi da mai ruwa, in ba ki a gabansu."

"Wannan daidai ne. Amma su jira tukuna. Kai ji ka yi ka gaskata. Akwai wanda ya faɗa."

Akawu ya matso da kofin ruwa.

"Gwaggo, tunda Allah ya wanke ki, a bar kaza... a bar maganar haka nan. Ki ɗauki makullanki, ki je ki kai Baba asibiti. Waɗannan masu ɓoyayyen suna ba a gane su, wataƙila ma yana wata ƙasar."

"Ko a ƙarƙashin teku yake, yana da kunne. 'Yata, danna min wajen magana."

Sakatariya ta danna ta riƙe mata wayar a saitin baki. Gwaggo ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zani.

"Salamu alaikum mutanen guruf. Ni ce tsohuwar da aka zagaye da jan layi. Waɗanda suka taimaka, Allah ya saka muku, ya duba iyayenku, ɗan makarantar nan da ya taka da ƙafa Allah ya ba shi motar kansa. Waɗanda suka zage ni don sun ji an faɗa, na yafe, kun ga kuɗi sun shiga ni kuma na ce ban gani ba, ko ni ce zan yi tunani. Saura kai, Mai Bin Diddigi. Kai da ka iya bin sawu, me ya hana ka bi ka ga ko tsinke bai fita daga lalitar ba? Ka gani ka yi shiru, ko ba ka duba ba ka yanke min hukunci? Ni ban iya rubutu ba, da bakina na yi magana kowa ya ji muryata. Kai ma fito da taka. Ina jira."

Saƙon ya tafi.

Kowa ya zuba wa talabijin ido. Alamomin yatsu da zukata suka yi ta tsalle a ƙarƙashin saƙon. Sai wani ɗan siririn rubutu ya bayyana can sama.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Bai ce komai ba tukuna. An nuna Mai Bin Diddigi yana rubutu."

"Yanzu haka?"

"Yanzu haka yatsansa yana kan waya."

Gwaggo ba ta iya karanta talabijin ba, don haka ba ta ɓata lokacinta a kanta ba. Mutane ta kalla. Hannun Manaja suna kan tebur. Injiniya ya harɗe nasa a ƙirji. Sakatariya tana riƙe da tata wayar a fili.

Akawu kuwa kansa a sunkuye, hannu biyu a ƙarƙashin tebur, kafaɗarsa ta dama tana ɗan motsi.

"Malam Akawu."

Ya zabura ya ɗago.

"Na'am, Gwaggo?"

"Laa," in ji Sakatariya, idonta a kan talabijin. "Ya daina rubutun."

Gwaggo ta sunkuya a hankali ta ɗauki mofarta.

"Me kake yi a ƙarƙashin tebur?"

"Iyali ne, Gwaggo. Suna tambaya ko zan biya kasuwa."

"Allah sarki. To ci gaba, kada a bar su da yunwa."

Bai motsa ba.

"Ci gaba mana. Ko in sa 'yata ta taya ka?"

Injiniya ya miƙe a hankali. "Akawu, ɗora wayar a kan tebur."

"Kai wane ne da za ka..."

"Ɗora ta," in ji Manaja.

Akawu ya dubi ƙofa. Gwaggo ta riga shi. Ta gitta sandar mofa daga wannan katako zuwa wancan, ta tsaya a bayanta, ƙirji a gaba. Wayar ta zame daga cinyarsa ta faɗi ƙasa, fuskarta sama, ta tsaya daidai ƙafar Sakatariya. Ta duba sau ɗaya, ta ɗora hannu a baki.

"Shi ne, Gwaggo. Har ya rubuta rabi."

"Kada ki karanta min. Na gaji da a karanta min."

Ta ƙura masa ido, mutumin da kullum yake fara gaishe ta, wanda ɗazun nan ya jawo mata kujera.

"Kai nake wanke wa kofi sau biyu saboda ka ce kana da ƙyanƙyami. Kai na yi wa addu'a ranar da matarka ta kwanta asibiti. Babu mai fita daga ɗakin nan. 'Yata, sake danna wajen maganar, duk guruf su ji. Ɗago kanka, Akawu, ka dubi idona. Me na yi maka?"